Darussan da Na Koya a Shagon Haɗa Manyan Tociloli

A ƙarshen watan da ya gabata na miƙa makullin akwatin kayan aiki, na yi sallama da shagon da na daɗe ina haɗa manyan tociloli da gyara su, irin waɗanda masu gadi da 'yan sintiri da mafarauta ke nema. Ba zan kama sunan shagon ko na mai shi ba, domin waɗanda ke cikin sana'ar a Kano sun san inda nake nufi, kuma da yawansu sun riga sun ji labarin ta bakin da ba nawa ba. Abin da aka yaɗa shi ne aikina ya ƙona hannun wani mai gadi. Hannu dai ya ƙone, ba a yi ƙarya a nan ba, amma a cikin yadda aka kai ga hakan ne kusan duk abin da na sani game da batir da zafi ya zauna mini.

Wani kamfanin gadi ne ya ba mu kwangilar tociloli domin ma'aikatansa da ke kwana a ɗakunan ajiyar kaya. Kamar yadda aka saba, gangar jikin alminiyam daga China take zuwa, mu kuma mu sa mata ƙwai da batir da fanel, wato ɗan allon da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan. Ƙwan da aka zaɓa shi ne Cree XHP70.2, wanda takardar masu ƙera shi ta ce yana iya cin wat 29, ya ba da haske sama da lumin 4,000 (lumin shi ne ma'aunin yawan haske). Fiye da rabin wannan wuta ba ta zama haske, zafi take komawa a kan wani ɗan wuri mai faɗin milimita 7, kuma idan aka haɗa da abin da fanel ke ɓatarwa, ana maganar kusan wat 20 na zafi a kan tocilar da mutum zai riƙe da hannu ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya, na kuma yi shi a gaban maigidan shago. Kowane giram na alminiyam yana shan zafi kusan jul 0.9 (wat ɗaya jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Jikin tocilarmu ya kai giram 200, ke nan wat 20 zai riƙa ƙara masa digiri ɗaya a kowane daƙiƙa 9. Idan aka kunna ta da daddare iska tana digiri 30, ba za a cika minti huɗu ba sai ta doshi 55, inda hannu ke fara neman sakinta. A ƙiyasina, abin da jikin tocila irin wannan ke iya zubarwa cikin iskar da ba ta kaɗawa, a wannan zafin, bai wuce wat 5 ba, sauran kuwa taruwa yake yi. Hasken mintocin farko bashi ne da ake ci daga sanyin ƙarfe, idan sanyin ya ƙare dole a rage wuta. Shi ya sa ake ɗora ɗan ƙaramin ma'aunin zafi a kan fanel, wanda ke sa tocila ta sauko da haskenta da kanta. Manhajar Anduril, wadda ke cikin tociloli masu yawa na masu sha'awar wannan harka, tana zuwa ne da iyakar digiri 45. A garin da zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu wannan iyaka ta yi ƙasa sosai, don haka na ba da shawarar a tsayar da tamu a 55.

Maigida bai yarda ba, kuma dalilinsa na kasuwa ne. Akwai wani da ke neman kwangilar, za a kuma gwada tocilolin biyu a gaban manajan kamfanin. Ya ce a cire ma'aunin zafin gaba ɗaya domin kada haske ya ragu ana cikin kallo. Na ce masa, "Alhaji, idan aka cire shi babu abin da zai tsayar da zafin, kuma batir yana bayan ƙwan ne a cikin ƙarfe ɗaya." Ya amsa mini da cewa, "Malam, kai takarda ka sani, ni kasuwa na sani. Mai sa hannu minti ɗaya zai kunna ta a ofis." Maganarsa ta biyu gaskiya ce, kuma ba a kansa aka fara wannan dabara ba. Ƙa'idar ANSI FL1 da aka fitar a Amurka a 2009, wadda da ita ake rubuta lumin a jikin kwali, tana auna haske ne tsakanin daƙiƙa 30 da 120 bayan kunnawa, tana kuma ƙirga tsawon aikin batir har sai haske ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 na farko. Mai sayarwa yana iya rubuta lumin 4,000 da awa uku a kwali ɗaya ba tare da ya saɓa ƙa'idar ba, alhali babu lokacin da abubuwan biyu suka haɗu. Sai dai manyan kamfanoni, duk da wannan wayon, ba su cire kariyar zafi. Shi nan ne ya wuce gona da iri.

Na ƙi cirewa. Na haɗa tocilolin da ma'auninsu, na gwada su, na sa hannu a takardar gwaji kamar yadda nake yi kullum. A wata ranar Juma'a da ban dawo shago ba bayan masallaci, ya sa ɗaya daga cikin yaran shago ya buɗe su ya cire ma'aunin, aka mayar da su kwali da takardar da ke ɗauke da sa hannuna.

Batun batir ya fi wannan muni. Na rubuta a sayo Samsung 30Q, batir ne na 18650, wato mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, yana ɗaukar 3,000mAh, an kuma yi shi ne don ya jure amp 15 ba tsayawa. Abin da aka kawo shi ne wasu masu jar leda da aka rubuta musu 9,900mAh, kuɗin guda huɗu bai kai na ɗaya na gaske ba. Babu batirin 18650 na kirki da ya kai ko rabin wannan adadi, manyan na Panasonic da LG da Samsung a wajen 3,500mAh suke tsayawa. Ba sai an kai ga na'ura ba, ƙaramin sikeli ya isa: na gaske yana auna giram 45 zuwa 48, waɗannan kuwa da ƙyar suka haura 30. Na yanka guda ɗaya na nuna wa maigida yadda naɗin cikinsa bai cika gwangwanin ba. Ya juya shi a hannu, ya ce ai mai saye lamba yake karantawa.

Ƙarancin abin da suke ɗauka ba shi ne haɗarin ba, haɗarin yana cikin turjiyarsu. Zafin da batir ke haifarwa a cikinsa yana bin adadin amp ne a ninka shi da kansa, sannan a ninka da turjiyar cikin batirin. Fanel ɗinmu irin mai ɗaga wuta ne, yana karɓar bolt 3.6 na batir ɗaya ya mayar da shi kusan bolt 6 da ƙwan ke buƙata, saboda haka a cikakken haske yana jan kusan amp 10. A batir mai turjiyar miliom 20, wato om 0.02, kamar 30Q, wannan wat 2 ne na zafi. Waɗanda aka sayo mana na auna su a miliom 80 zuwa sama, wato wat 8 a cikin bututun da aka toshe da roba don kada ruwa ya shiga. Bugu da ƙari, irin wannan fanel idan ya ga ƙarfin batir ya faɗi ƙarin amp yake ja domin ya cike giɓin, ƙarin amp kuma ƙarin zafi ne. Takardun masu ƙera batir galibi suna iyakance amfani da shi a digiri 60, caji kuma a 45. Daga wajen digiri 80 zuwa sama sinadaran ciki suna fara lalacewa suna fitar da iska, a wajen 130 siririyar ledar da ke raba ɓangarori biyu na batirin tana narkewa, daga nan shi ke ƙona kansa. Batir na kirki yana da wani ɗan faifai a ƙarƙashin kansa da ke katse wuta idan iska ta taru. A wanda na yanka ban ga komai a wurin ba.

Ba a daɗe ba tociloli suka fara dawowa. Wasu haskensu ya koma shuɗi-shuɗi ya dushe, alamar ƙwan ya wuce digiri 150 da aka iyakance masa. Wasu sifirin ɗin gindinsu ya yi laushi ya kwanta saboda zafi, har batir yana girgiza a ciki. Sai kuma wadda ta jawo maganar: mai gadi ya bar ta a kunne a cikakken haske yana zagaye, batirin ya yi aman wuta a cikin bututu, murfin gindi ya fita da ƙarfi, tafin hannunsa ya ƙone. Allah ya taƙaita, ba ta fuskarsa murfin ya nufa ba.

Da manajan kamfanin ya zo shago ransa a ɓace, maigida ya ɗauko takardar gwaji ya nuna masa sa hannuna, ya ce dalmar da na narka ce ta haɗa waya biyu. Na nemi a buɗe tocilar a gaban kowa, domin wurin da aka cire ma'aunin yana nan a fili, dalmar ma ba irin hannuna ba ce. Aka ce ba a shago ake shari'a ba, kuma yaro ba ya musu da maigidansa a gaban baƙo. Yaron da aka sa ya yi aikin yana tsaye ya sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsa sosai ba, domin a gidan maigidan yake cin abinci. Amma akwai manya biyu a shagon da suka ga lokacin da na yanka batirin, suka ji abin da aka ce mini, babu wanda ya buɗe baki. An cire kuɗin maganin mai gadin daga albashina. Kuɗin ban damu da su ba, da ma na je na duba mutumin tun kafin a yanke, abin da ya tsaya mini shi ne sunan da na yi shekaru ina ginawa a kasuwa aka biya bashin wani da shi. Duk wanda ke sa hannu a takardar gwaji, ina ba shi shawara ya rubuta irin batirin da iyakar zafin a jikinta, ya ɗauki hoton fanel kafin ya rufe, ya kuma riƙe kwafinsa a gida, ko da maigidan nasa liman ne.

Sauran abubuwan da na koya ba su buƙatar dogon bayani. Gwajin tocila na minti ɗaya ba gwaji ba ne, a ajiye ta rabin awa a ɗakin da babu fanka, da ma'aunin zafi a manne a wuyanta. Tocilar da jikinta ke ɗumama da wuri ta fi wadda ke zama da sanyi a cikakken haske, domin ta biyun zafinta a maƙale yake a ƙarƙashin ƙwai. A zaunar da ƙwai a kan faifan jan ƙarfe, wanda ya fi alminiyam ɗin jikin tocila saurin wuce da zafi fiye da ninki biyu, man da ake shafawa a ƙarƙashin faifan kuma ya zama siriri ƙwarai, yawansa cutarwa yake. Batirin da ledarsa ta yage a sake masa leda ko a ajiye shi, saboda duk gwangwaninsa ɓangaren wuta ɗaya ne, yagewar kusa da kai kuma tana iya haɗa shi da ɗayan. Idan tocila tana cin batir biyu a jere, kada a haɗa sabo da tsoho ko iri biyu daban, balle waɗanda ake ciro wa daga tsofaffin kwamfutoci ba a auna su ba. Kada caji ya wuce bolt 4.2, kada a zuƙe batir ƙasa da 2.5, kada kuma a yi caji da rana tsaka a ɗakin kwano ko a cikin mota. Wanda za a ajiye na watanni a bar shi a wajen bolt 3.7. Tocilar da za a sa a jaka a sassauta murfin gindinta, don kada ta kunna kanta a cikin tufafi.

Akwai kuma abin da tun farko na faɗa ba a saurara ba, wato mai gadi ba lumin 4,000 yake buƙata ba. Yana buƙatar hasken da zai kai shi asuba, da ɗan ƙarfin da zai ɗaga na wasu daƙiƙoƙi idan ya ji motsi a bayan katanga. Batirin 21700, wanda ya ɗan fi 18650 girma, irin Samsung 50E yana ɗaukar 5,000mAh, wato kusan wat 18 na awa ɗaya, idan aka tsayar da tocila a wat 3 zai yi awa biyar zuwa shida da hasken da ya ishi zagayen fili, jikinta kuma ɗumi kawai zai yi. Iyakarsa ba ta kai amp 10 ba, don haka wanda ya dage sai babban haske sai ya koma ga irin Molicel P42A mai jure amp 45, ya haƙura da 4,200mAh. Zaɓi ake yi gwargwadon aikin.

Na ji cewa kamfanin ya tilasta a sake masa tocilolin gaba ɗaya, kuma an sake su da batura na gaske, an mayar da ma'aunin zafi, an tsayar da shi a digiri 55. Yaron da na koya wa riƙe ƙarfen dalma ne ya yi aikin, daga takardar da na bari a aljihun teburi. Maigida yanzu yana gaya wa masu saye cewa tocilarsa tana rage haske da kanta idan ta yi zafi, wai wata fasaha ce da ya ƙirƙiro bayan ya rabu da wani ma'aikaci mai sakaci.