Daga Kampala zuwa Bukoba, ta hanyar da sojojin Nyerere suka biyo

Bikin kammala karatun ƙanina ne ya kai ni Uganda. A Jami'ar Musulunci da ke Mbale ya yi digirinsa, kuma tagwaye take da ta garin Say a Nijar, domin a taron ƙolin ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahore a 1974 aka yanke shawarar kafa su biyun. A taron ne kuma Idi Amin, shugaban Uganda na lokacin, ya shigar da ƙasarsa cikin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, duk da cewa Musulmi tsiraru ne a ƙasar. Da aka watse daga biki sai na sauko Kampala da niyyar tsallakawa Tanzaniya ta ƙasa, in kwana a Bukoba, in hau jirgin ruwa zuwa Mwanza. Ɗan Najeriyar da ke son bin wannan hanya ya nemi bizar Tanzaniya tun yana gida, don tamu ba a bakin iyaka ake buga ta ba, kuma kada ya manta katin rigakafin shawara.

Kafin in bar Kampala na yi sallar Juma'a a babban masallacin da ke kan tudun Tsohuwar Kampala. Amin ne ya fara ginin, ya tsaya shekara da shekaru, sai Gaddafi ya zo ya ƙarasa shi da kuɗin Libiya. A harabar na fara lura cewa sunan Amin ba ya fita daga bakin dattawan wurin yadda yake fita daga bakinmu. Mu mahaukacin soja muka sani, wanda ya kori Indiyawa a 1972 ya ba su kwana 90, wanda a zamaninsa aka kashe Alƙalin Alƙalai Benedicto Kiwanuka da Akbishop Janani Luwum. Su ma sun san wannan, ba su musa ba. Amma suna haɗawa da cewa shi ne shugaban da ya fara ɗaukar Musulmin ƙasar a matsayin mutane.

Da asuba muka tashi a babbar bas mai zuwa Bukoba. Kujerata ta faɗo tsakanin dattawa biyu: a taga wani tsohon malamin makaranta ɗan Tanzaniya, ɗan ƙabilar Haya, yana komawa gida daga ganin likita, a ɗaya gefen, ƙetaren hanyar wucewa, wani ɗan kasuwar kofi ɗan Uganda da kowa ke kira Hajji. Mun wuce Kayabwe, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa titi kuma baƙi ke sauka ɗaukar hoto, direbanmu ko rage gudu bai yi ba. Daga nan titin ya miƙe sambal a tsakiyar wata doguwar fadama, ruwa da ciyawa hagu da dama, babu wurin kaucewa.

A Lukaya aka tsaya. 'Yan talla suka yanyame motar da tsire a dogayen tsinke da gasasshiyar agada. Ina cikin ciniki ta taga sai malamin ya taɓa ni, ya nuna fadamar da muka baro, ya ce a nan aka gama da Amin. A watan Maris na 1979 sojojin Libiya da Gaddafi ya turo, da na Amin, suka yi arangama da na Tanzaniya a wannan gari, kuma da aka fatattake su hanyar Kampala ta buɗe. Ranar 11 ga Afrilu birnin ya faɗi. Amin ya gudu Libiya, daga can ya koma Jidda, inda ya rasu a 2003.

Hajji ya ajiye tsirensa ya ce, “Mzee, ka gaya wa baƙon namu me ya kawo sojojinku Lukaya. Nan Tanzaniya ce?”

Daga nan har Kyotera ba su yi shiru ba, da Turanci suke yi saboda ni, in ta yi zafi su zarce da Suwahili.

Hujjar malamin a tsaye take. A ƙarshen Oktoba 1978 sojojin Amin suka tsallaka iyaka suka mamaye yankin da ke tsakanin iyakar da kogin Kagera, suka kashe mutane, suka kwashi shanu da kwanon rufi, dubbai suka gudu kudu. Amin ya fito ya ce daga yau kogin ne iyaka. Har ƙalubalantar shugaban Tanzaniya Julius Nyerere ya yi su shiga fage su yi dambe a raba gardama. Nyerere ya nemi Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi Allah wadai da mamayar, ƙungiyar ta ƙi, sai maganar sulhu take. Ranar 2 ga Nuwamba ya yi wa 'yan ƙasarsa jawabin da malamin ya karanto mini da ka, idonsa a rufe: ikon dukansa muna da shi, dalilin dukansa muna da shi, niyyar dukansa muna da ita.

Hajji bai yi gardama a kan Kagera ba. Ya ce to, an kore su, zuwa farkon 1979 babu sojan Uganda ko ɗaya a ƙasar Tanzaniya. Me ya rage? Ɓarawo ya haura gidanka ka kore shi, shi ke nan sai ka bi shi har ɗakinsa, ka rushe masa katanga, ka zaɓa wa iyalinsa sabon maigida? Sannan ya ja labarin baya, ya ce ba a 1978 rigimar ta fara ba. Tun da Amin ya hamɓarar da Milton Obote a Janairun 1971, Nyerere ya ƙi amincewa da gwamnatinsa, ya ba Obote masauki, kuma a Satumban 1972 daga ƙasar Tanzaniya mayaƙan Obote suka kutsa Uganda aka karkashe su. A ganinsa Kagera dama ce kawai da Amin ya miƙa wa mutumin da ya daɗe yana jiranta.

Muna shiga Masaka ya yi ta nuna mini wurare. A Fabrairun 1979 sojojin Tanzaniya suka yi wa garin ruwan wuta, suka rushe manyan gine-ginensa, haka suka yi wa Mbarara. Malamin ya ce ramuwar abin da aka yi wa Kagera ce. Hajji ya ce mutanen Masaka ba su je Kagera ba. Ya ƙara da abin da na fahimci shi ne ainihin ciwonsa: bayan faɗuwar Amin an bi Musulmi a wasu ƙauyukan yammacin ƙasar an kashe su, don kawai addininsu ɗaya da wanda ya gudu. Malamin ya yi shiru a nan, ya ce wannan ba sojojinsu ba ne. Hajji ya ce amma su ne ke riƙe da ƙasar a lokacin.

Ina tsammanin ni ɗan kallo ne, sai malamin ya juyo kaina. Ya ce, “Ndugu, ku ma fa ba ku tsaya mana ba.” Gaskiya ya faɗa. A taron shugabannin Afirka na Monrobiya a Yulin 1979, Janar Obasanjo da Nimeiri na Sudan ne suka fi kowa sukar Tanzaniya. Obasanjo ya yi gargaɗin cewa an buɗe ƙofa mai hatsari, domin in aka yarda maƙwabci mai ƙarfi ya shiga ya sauya gwamnatin maƙwabcinsa, ƙananan ƙasashe ba su da sauran kwanciyar hankali. Na ce masa, Mzee, ka tuna wanda ke maganar. Soja ne da ya yi yaƙin basasarmu, kuma Tanzaniya ce ƙasa ta farko da ta amince da Biyafara, a Afrilun 1968, da hujjar cewa rayukan mutane sun fi layin taswira. A Dar es Salaam ana kiran wannan tausayi. A Legas da Kaduna ana kiransa katsalandan. Shekara goma sha ɗaya ba ta isa a manta ba.

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce to ai bayan wasu shekara goma sha ɗayan kuma, a 1990, sojojin wa suka sauka a Monrobiyar da aka yi wannan huɗubar? Kuma a 1998 wa ya mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo da bakin bindiga, ba Abacha ba, wanda shi kansa ba zaɓarsa aka yi ba? Ban sami amsa mai kyau ba. Abin da na iya cewa shi ne a 2023, da ECOWAS ta yi barazanar afka wa Nijar, mu na Arewa ne muka fi kowa ɗaga murya cewa ba mu yarda ba, kuma ba don mun karanta wata doka ba, sai don Maraɗi da Katsina gida ɗaya ne. Hajji ya ce to ka ga, ashe ka fahimce ni.

A Kyotera ya sauka. Sun yi musafaha da malamin kamar ba su ne ke sa-in-sa ba, har ya bar masa sauran agadarsa.

Mutukula gari ɗaya ne da iyaka ta raba biyu, ofishin shige da fice na ƙasashen biyu a haɗe, layin manyan motoci ya yi tsawo. Shi ma sojojin Tanzaniya sun baje shi a Janairun 1979. Iyakar a nan layi ce miƙaƙƙiya da Ingila da Jamus suka ja tun zamanin mulkin mallaka, ba ta bi kogi ko tsauni ba, kuma wannan ne Amin ya fake da shi ya ce kogin Kagera ya fi dacewa. Da muka tsallaka sai ƙasa ta buɗe, gonakin rake da ayaba, shanu masu dogayen ƙaho. Ba a daɗe ba muka iso Kyaka. Gadar kogin tana nan, wadda aka gina a madadin wadda sojojin Amin suka tarwatsa, kuma a kan tudun da ke kallonta akwai kangon wata majami'a da aka ragargaza a yaƙin, an bar ta haka ba rufi don masu wucewa su gani.

Tsakanin Kyaka da Bukoba na yi ta juya maganar. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, wannan yaƙi da a yau ake kafa hujja da shi duk lokacin da ake son shiga wata ƙasa da sunan ceton jama'a, shi Nyerere bai yi shi da wannan suna ba. Kare kai ya ce. Da sojojinsa suka zarce cikin Uganda sai ya ce yaƙi biyu ake yi, na Tanzaniya don tsaron iyakarta, da na 'yan Uganda don 'yantar da ƙasarsu, kuma a garin Moshi aka tara 'yan gudun hijirar a Maris 1979 suka kafa gamayyar da za a miƙa wa mulki. Rigar ceton bayin Allah daga baya masana da 'yan siyasa suka ɗinka wa yaƙin. Ba na cewa ba a ceci kowa ba. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka halaka a mulkin Amin dubu 300 ne, kuma shugabannin Afirka da suka yi gum a kan wannan, har suka ba shi shugabancin ƙungiyarsu a 1975, ba su da bakin yi wa Nyerere wa'azi. Yoweri Museveni, da ya hau mulkin Uganda, ya faɗa musu haka a fuskarsu a Addis Ababa a 1986. Daga irin wannan kunya aka samo sakin layin da ke cikin dokar kafa Tarayyar Afirka ta 2000, wanda ya ba ta ikon shiga ƙasa in ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi.

Amma wanda zai kafa hujja da Kagera ya kamata ya karanto lissafin har ƙasa. Yusuf Lule da aka ɗora kwana 68 ya yi. Godfrey Binaisa da ya gaje shi bai cika shekara ba. Zaɓen Disamba 1980 ya dawo da Obote cikin zargin maguɗi, sojojin Tanzaniya na ƙasar a lokacin. Museveni ya shiga daji a Fabrairun 1981, kuma abin da aka yi wa mutanen Luwero a shekarun da suka biyo baya bai kasa na zamanin Amin muni ba. Ni dai ina tare da malamin har bakin Mutukula ba tare da wani kokwanto ba. Daga Mutukula zuwa Kampala ina bin sa ina jan ƙafa. A kan abin da ya faru bayan Kampala kuwa, Hajji ya fi shi gaskiya.

Na gaya masa haka muna gangarowa Bukoba, tafkin Biktoriya ya bayyana a gabanmu. Bai ji haushi ba. Ya ce su ma sun biya, kuma ba wanda ya taya su. Bayan yaƙin an ce musu su ɗaure ciki na wata 18, sai ga layin sukari da sabulu da man fetur ya zama abin kullum, kuma har Nyerere ya sauka a 1985 watannin nan ba su ƙare ba. Na tambaye shi ko da za a maimaita zai yarda a sake tsallaka iyakar. Ya ce shi a Kyaka dangin mahaifiyarsa suke, in tambayi mutumin Dodoma, can tsakiyar ƙasar nesa da iyaka.

A tasha jikansa ya zo ɗaukarsa a babur. Kafin su tafi ya sa yaron ya raka ni wani masauki kusa da masallaci, ya kuma ja mini kunne cewa in je tashar jirgin ruwa da kaina in tambayi ranar tashi, don ba kullum yake zuwa Mwanza ba. A kasuwar garin na tarar da soyayyar fara tuli a faranti, koriya siririya, ta fi tamu maiƙo, sai dai ba sa yi mata yaji.