Barita, takardar da ba ta yafe ganganci

Sana'ata buga hotunan da ake ratayewa a bango ko a kai baje koli. Mu uku ne a wurin, da firinta biyu, ɗaya mai faɗin inci 17, ɗaya mai inci 44. Masu ɗaukar hoto ke kawo mana aiki, kuma yawancinsu da sun shigo sai su ce, "A buga mini a barita." In na tambaye su wace iri, sai a yi shiru.

Asalin sunan daga wani farin sinadari ne, bariyum salfet, wanda ake shafa wa takardar wankin hoto tun ƙarni na 19, a ƙarƙashin sashen da ke kama haske. Shi ke toshe ƙofofin zaren takarda, ya ba ta fari da santsi, baƙi kuma ya zauna da zurfi. Da aka koma buga hoto da tawada, sai masu yin takarda suka ɗauko wannan shafe suka ɗora masa wani mai shan tawada. Abin da mutane ke nema a jikinta shi ne kamannin hoton da aka wanke a ɗakin duhu: sheƙi mai kunya, wanda bai kai na roba ba, da nauyi a hannu.

Sai dai sunan ya zama riga, kowa na sawa. Abu biyu nake fara dubawa a jikin kwali. Na farko, da me aka yi gindin takardar, auduga ce ko zaren itace da aka tace. Na biyu, ko an zuba mata sinadarin ƙara fari. Hahnemühle na Jamus suna da Photo Rag Baryta mai nauyin giram 315 a kowace murabba'in mita, auduga zalla, babu wannan sinadari, farinta ya ɗan karkata zuwa ruwan madara. Suna kuma da FineArt Baryta mai giram 325, wadda ta fi ta fari da ƙyalli. Canson na Faransa suna da Baryta Photographique II mai giram 310. Dukkansu na yi aiki da su, kuma ba zan ce ga wadda ta fi ba sai na ga hoton. Fuskar tsoho, da fatar mutum gaba ɗaya, sun fi kwanciya a mai ruwan madara. Gini, ƙarfe, teku, ko sararin sama mai sanyin launi, mai farin ƙal ta fi fito da su.

Sinadarin ƙara farin nan yana da hali. Hasken da ido ba ya gani yake sha, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, sai takarda ta yi kamar ta fi fari. Da shekaru ƙarfinsa na raguwa, takardar ta koma launinta na asali. In kuma aka sa hoton a bayan gilashi mai tare wannan haske, tun ranar farko farin zai ja baya. Shi ya sa nake tambayar mai hoto inda za a rataye shi kafin in buɗe kwali.

Amma gaskiyar magana, cikin takardu goma da suka lalace a hannuna, ba na jin biyu laifin takarda ne. Saiti ne.

Barita tana son baƙin tawadar takarda mai sheƙi, wanda ake rubuta wa PK. In ka bar firinta a kan MK, baƙin takarda marar sheƙi, tawadar za ta zauna a sama kamar toka, yatsa ma ya goge ta. Tsofaffin firintocin Epson bututu ɗaya baƙaƙen biyu ke bi, sai an sauya, a yi asarar tawada a kowane sauyi. A firintocinsu na P700 da P900 an raba musu hanya. Canon PRO-1000 kuma tana da wani ruwa marar launi, Chroma Optimizer, da take shimfiɗawa don daidaita sheƙi, saboda wurin da tawada ta yi yawa da wurin da babu ba sa ƙyalli iri ɗaya in ka karkata hoton.

Sai furofayil na ICC, wato fayil ɗin da ke daidaita launin hoto da takarda da firinta. Kowace takarda da nata, a kan kowace firinta, kuma kamfanin da ya yi takardar yana faɗin irin takardar da za ka zaɓa a cikin saitin firinta tare da shi. Wannan zaɓin ne ke yanke yawan tawadar da za a zuba, don haka ba a yi masa kintace. Kuskuren da ya fi cin takarda shi ne a bar Photoshop, manhajar gyaran hoto, yana sarrafa launi, firinta ita ma tana yi. Jirgi ɗaya, matuƙa biyu. Fuska sai ta fito ja-ja ko ruwan hoda, mutum ya yi ta zagin tawada. Ɗaya za a bar wa aikin, a kashe ɗayan. Ga hoto baƙi da fari, sau da yawa ina barin firintar ta yi da tsarinta na musamman, don ya fi ba da toka mai tsabta wadda ba ta karkata kore.

Akwai ranar da ba na mantawa. Hotuna goma sha biyu na baje koli, saura kwana biyu. Takardar ta naɗi ce, ta kusa ƙarewa, ta nannaɗe kamar tabarma. Na yi gaggawa ban ɗaga kan firinta ba, wato sashen da ke fesa tawada. Ya dinga gogar gefen takarda yana barin baƙin zane, ban lura ba sai a na huɗu. Yanzu duk takardar da ta haura giram 300 sai na buɗa tazarar kai, na rage gudu, in kuma ta lanƙwashe in nannaɗe ta ta baya ta kwana. Ƙananan ƙafafun da ke jan takarda su ma sukan bar ɗige-ɗige a jere a wurin da baƙi ya yi kauri, maganinsu ƙara lokacin bushewa tsakanin zuwa da dawowar kai.

Ƙorafin da na fi ji shi ne, "Ya fi duhu a kan yadda yake a kwamfutata." Allo fitila ce, takarda kuwa sai an haska ta. Nawa allon ina ajiye haskensa wajen kandela 100 a ma'aunin ƙarfin haske, ina duba bugu a ƙarƙashin fitila mai kelbin 5000, wato mai farin haske irin na rana. Kafin babban bugu kuma sai na yanko wurin da ya fi duhu da wurin da ya fi haske na buga a ƙyalle, mai hoto ya gani ya sa hannu a baya.

In hoto ya fito, ba mai taɓa shi sai da safar hannu ta auduga, don fuskar barita farce kaɗan ke yi mata tabo. A shimfiɗe yake kwana, awa 24, kafin a ɗora masa takarda ko a kai shi wurin mai firam. Wanda ya matsa sai ya ɗauka a ranar, nakan ba shi kujera in nuna masa na huɗun nan mai baƙin zane, yana nan a rataye bayan ƙofa.