Kada a Ce Sai Sun Daina Sha Kafin a Saurare Su

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da aka daɗe ana bi a wuraren jinyar masu shaye-shaye, wadda nake ganin ta cutar da mutane da dama, musamman sojojin da aka yi wa fyaɗe a bakin aiki. Ƙa'idar ita ce sai mutum ya daina shan giya ko ƙwayoyi na tsawon watanni kafin a taɓa zancen abin da ya same shi. A ido tana kama da taka-tsantsan, amma ga wanda ba ya iya runtsawa sai ya sha, saboda da zarar ya rufe ido abin da ya faru yake dawo masa, tamkar an ƙwace masa sandar da yake dogarawa ne alhali karayar ba ta ɗoru ba.

A Amurka aka fi bin diddigin wannan matsala. Bayan abin kunyar da ya auku a taron Tailhook na matuƙan jiragen saman rundunar sojan ruwa a Las Vegas a 1991, inda aka ci zarafin mata fiye da 80, majalisar dokokin ƙasar ta ba ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji izinin yi wa matan da abin ya shafa jinya a 1992, sannan aka haɗa da maza a 1994. A yau ana tambayar duk tsohon sojan da ya je asibitocin ma'aikatar ko an taɓa yi masa fyaɗe ko cin zarafi na lalata yana cikin kaki, kuma kusan mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin hamsin ne ke amsawa da e. Da yake maza sun fi yawa nesa ba kusa ba a aikin soja, adadinsu ba ƙarami ba ne, kuma su ne suka fi jin nauyin buɗe baki.

Abin da ya sa wannan rauni na zuciya ya fi na fagen daga wuyar warkewa ga wasu shi ne wanda ya aikata ba abokin gaba ba ne. Sau da yawa abokin aiki ne da aka horar da kai ka damƙa masa ranka, ko kuma na gaba da kai wanda ke da ta cewa a kan hutunka da ƙarin girmanka. Soja ba shi da damar ajiye aiki ya kama gabansa, don haka washegari zai tsaya fareti tare da mutumin, ya ci abinci kusa da shi, wataƙila ma ya sara masa. Idan kuma an sha giya a daren da abin ya faru, tsoron hukunci a kan shan kan rufe masa baki. Daga nan sai rashin barci da firgita da zargin kai su biyo baya, kwalba ko ƙwaya ta zama hanya mafi kusa ta samun sa'ida.

Shi ya sa na gamsu da masanan da suka ce a yi jinyar cutukan biyu, wato raunin zuciya da shaye-shaye, tare. Patricia Resick ta tsara wata hanya tun farko domin matan da aka yi wa fyaɗe, wadda a cikin zama kusan 12 ake taimaka wa mutum ya warware tunanin da ya ɗaure shi, irin su "laifina ne" ko "da ban je wurin ba". Edna Foa kuma ta kafa hanyar da ake sa mutum ya riƙa ba da labarin abin da ya faru a gaban likita, sannu a hankali, har tunawar ta daina razana shi. Daga baya Sudie Back da abokan aikinta suka haɗa wannan hanya ta biyu da jinyar shaye-shaye a tsari guda mai suna COPE, aka gwada shi a kan tsofaffin sojoji, kuma abin da aka daɗe ana tsoro, wato taɓo ciwon zai sa mutum ya ƙara nutsewa cikin sha, bai tabbata ba. Alamomin raunin sun ragu, shan kuma bai ƙaru ba.

Magunguna ma suna da gurbinsu. Naltrexone yana rage sha'awar giya, buprenorphine da methadone suna ceton waɗanda suka kamu da ƙwayoyin kashe raɗaɗi, sertraline kuma yana sassauta alamomin raunin. Ƙwayoyin kwantar da hankali dangin diazepam kuwa likitoci suna gargaɗi a kansu, domin ba sa warkar da raunin, ga saurin kama jiki, kuma haɗa su da giya na iya kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa bai kamata ya yanke ta kwatsam ba tare da likita ba, saboda hakan kan jawo farfaɗiya.

Abin da ya fi taɓa ni a tsarin ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka shi ne jinyar kyauta ce, kuma ba a neman shaida. Ba sai tsohon soja ya nuna cewa ya kai ƙara a lokacin ba, ba sai ya kawo takardar likita ba, kuma kowane babban asibitinta yana da jami'in da aka ware domin wannan lamari. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gudun kada a ƙaryata shi zai iya shiga ya faɗi abin da ya same shi, a fara yi masa jinya ko da bai kai ga ajiye kwalbar ba tukuna.