Darasin yamma a Tudun Wada

Yau a lesin yamma ɗalibina kurma, ɗan shekara 9, ya ƙi tsayar da ido a kan hannuna. Keke Napep ya wuce, ya juya. Labule ya motsa, ya juya. Shi kuwa da ido yake ji, yana kau da kai darasi ya yanke. Sai na juya kujerarsa ta ba taga baya, na zube marafan kwalba a tebur. Da ya haɗa 7 da 5, ya bubbuga teburin don in dube shi, ya nuna min 12 yana dariya. Wallahi sai da ƙwalla ta zo min.

Mamansa kullum cewa take, "Malama, ƙyuya ce." Ni dai ina ganin idanunsa ne suke gajiya bayan wunin makaranta.