Masuntan Skagen a bakin gawayina

Malaminmu na zane ya ba mu aikin kwaikwayon tsofaffin zane-zanen Danmak da gawayi, ni kuma na ɗauki masuntan Skagen, garin da ke can ƙuryar arewa inda tekun Skagerrak da na Kattegat ke karo. Michael Ancher na fi bi. Ya sauka garin a 1874, ya auri 'yar garin, Anna Brøndum, a 1880, ita ma mai zane ce.

Abin da ya fi cin lokacina ƙafafu ne. Sai a 1907 Skagen ta samu tashar jiragen ruwa. Kafin nan da ƙarfin tuwo ake tura kwale-kwale cikin ruwa, a jawo shi kan rairayi, haka ma koma. Shi ya sa a zane-zanen jan koma ba ka ganin masunci a miƙe sak. Dubi mutanen da P.S. Krøyer, wani mai zanen Skagen, ya zana a 1883 suna jan koma: jiki ya karkata, duga-dugai sun nutse cikin yashi, igiya ta ɗaure tamau. In ka fara da kai, mutumin zai fito kamar ya tsaya ɗaukar hoto. Ni daga takalmi nake farawa, dogayen nan masu nauyi, in danne gawayin sosai inda suka shiga ƙasa, sannan in hau sama da layin baya.

Fuska kuwa ba ta son surutu. Hular ruwan da suke sawa tana jefa inuwa kan ido, shafa ɗaya da babban yatsa ta wadatar, sai gemu. Ancher ya zana Lars Kruse, masuncin da ya yi suna wajen ceto mutane daga jiragen da suka kife, wanda shi ma ruwa ya ci a 1894.

A ganina aikin Anna ya fi wuyar kwaikwayo. Ita cikin ɗaki ta fi zama, wajen mata masu ɗinki da fige kaji, rana na faɗowa kan bango ta taga. A nan sai na baƙanta takardar duka tukuna, in bi da abin gogewa ina fito da hasken, daga taga zuwa hannun mai ɗinkin.