Zuwa ga 'yan'uwa mazauna Legas: maganar teɓa da yadda ake sauke ta

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga Ingila zuwa ga jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Da fatan kasuwa tana garawa.

Hotunan biki da na Sallah da ke zuwa mana daga gida ne suka sa na ɗauki alƙalami. Magidanta 'yan shekara talatin da 'yan kai, riga ta ɗage ta gaba, ana yi musu barka wai hutu ya zauna. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin kitsen teɓa ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake ba, yana nannaɗe hanta da hanji, kuma shi ne ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya. A nan, hukumomin lafiya na ɗaukar baƙar fata a matsayin mai haɗarin ciwon suga tun daga shekara 25, alhali Bature sai ya kai 40.

A fara da awo. A ari tef ɗin tela, a zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ɗan sama da cibiya, bayan an saki numfashi, ba tare da shanye ciki ba. Ƙa'idar da aka bayar a nan a 2022 mai sauƙi ce: kada zagayen ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon inci 68, cikinsa ya tsaya ƙasa da inci 34. A riƙa maimaita awon duk Juma'a da safe kafin karyawa.

Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Wanda ya rage 500 a kullum zai sauke kimanin rabin kilo a mako, kuma hakan ya wadatar. Ina 500 ɗin take? Yawancinta a kofi da kasko. Lemon Coca-Cola na roba mai santilita 50 yana da suga fiye da giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu da ɗoriya, kuma wannan kaɗai ya cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum a yini. Sai teburin mai shayi: madarar gwangwani, suga cokali huɗu, rabin burodin Agege an shafe shi da bota, ga Indomie biyu da ƙwai yana iyo a mai, kuma da ƙarfe goma sha ɗaya na dare bayan an fito daga go-sulo. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Uwargida ta daina tuttula mai daga galan, ta riƙa aunawa da cokali. Zoɓo da kunun aya da fura ma, idan an cika musu suga, ba su da maraba da lemon kwalba.

Ba na ce a bar tuwo ba. A dai sauya rabon kwano. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, maimakon uku. Rabin kwanon ya zama ganye: alayyafo, zogale, kabeji, kuɓewa, ugu. Ku ne fa masu sauke kayan gwari a Mile 12, bai kamata a ce Bayarabe yana saye a hannunku yana ci, ku kuna kallo ba. Ragowar gurbin a cika shi da abin gina jiki, wake ko kifi ko ƙwai ko nama maras kitse, kamar faɗin tafin hannu a kowane ci. Shi ke riƙe ciki ya hana neman cin-cin da la'asar, shi kuma ke kare tsoka lokacin da jiki ke sauka. Alale ya fi ƙosai domin ba a soya shi. Tsire ba laifi, in an ce wa mai nama ya ware kitsen kuma kada ya yayyafa mai. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi.

Motsa jiki kuwa, abin da ake nema shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri, irin wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Ɗan canji da mai shago da direban da ke kwana a layin Apapa duk zaune suke wuni. Minti talatin bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi, kwana biyar a mako. A sauka daga danfo saura tasha ɗaya, a hau gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi ko Ojota da niyyar atisaye. Mata na iya haɗuwa su biyu-uku su zagaya unguwa, ko tsallen igiya a tsakar gida ga wadda gwiwarta ke lafiya.

Tafiya kaɗai ba ta isa ba. Kwana biyu a mako a ba tsoka aiki: tsugunna-tashi, dannan ƙasa da hannu, ɗaukar jarkar ruwa mai lita 10 a kowane hannu ana tafiya da ita. Sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita har zagaye uku. Idan ya yi sauƙi a ƙara nauyi. Wanda ya rage ci bai yi wannan ba, tsoka ce za ta zube tare da kitsen, ya rame ya yi yaushi, da ya koma cin da ya saba kuma ƙibar ta dawo.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne shayin rage ƙiba da bel ɗin matse ciki. Yawancin irin shayin nan filasko ne a ciki, gudawa yake sawa, abin da ya fita ruwa ne, gobe ya dawo. Bel kuwa gumi yake jawowa, gumin Legas ma ai ba sai an saya ba. Atisayen ciki sau ɗari shi ma ba ya zaɓar kitsen ciki ya ƙona, jiki gaba ɗaya yake sauka tare. Barcin da bai kai awa bakwai ba yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, don haka a rage hirar dare.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin kada ya rage abinci sai likita ya daidaita masa maganin, domin suga na iya faɗuwa ya sume. Mai juna biyu ba ta cikin wannan lissafi. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

A gaida iyali. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Ingila