Kafin Ka Biya Kuɗin Kujera a Jirgin Fatsa

Shekara uku ke nan da Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke zaune a Ashaiman, ya fara ja na zuwa fatsa a cikin teku, kuma tun daga lokacin abokaina na Nima ba su daina tambayata wane jirgi ya kamata su shiga ba. Irin fatsar da nake nufi ita ce ta ƙasan ruwa, wadda ake ɗaura wa igiya darma mai nauyi, a sake ta har ta taɓa ƙasa, a jira manyan kifayen da ke zaune a tsakanin duwatsu su ciji ƙugiya. A Amurka akwai manyan jirage da aka ƙera domin wannan kaɗai, kowa ya biya kuɗin kansa ya shiga tare da mutanen da bai sani ba. Mu a nan Ghana abin da muka saba shi ne karo-karo: mutum shida ko takwas su haɗa kuɗi, su ɗauki ƙaramin jirgi mai inji ko babban kwalekwale na wuni guda, daga Tema ko Prampram, ko kuma su tafi har Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku, tafiyar kimanin kilomita 100 gabas da Accra.

Fitata ta farko ni na zaɓi jirgin, kuma da ido na zaɓe shi. Fentinsa sabo ne, yana da rumfa, kuɗinsa kuma ya fi na sauran sauƙi. Sai da muka isa bakin ruwa bayan sallar asuba na gane dalilin arahar, domin mai jirgin ya sayar da kujera ga mutum 14 a wurin da bai kamata ya ɗauki fiye da takwas ba. Wanda bai taɓa yin wannan fatsa ba zai ɗauka cunkoso takura ce kawai ta wurin zama, alhali ɓarnar tana can ƙarƙashin ruwa. Ruwan gaɓarmu yana da ja, mafi yawan lokaci yana tafiya ne zuwa gabas, saboda haka igiya ba ta sauka a miƙe, karkata take yi. Idan darmar wani ta fi ta maƙwabcinsa sauƙi, igiyarsa za ta yi nisa ta haye ta wani, kafin a ankara igiyoyi huɗu sun sarƙe wuri guda. Rabin wuninmu a warwara ya ƙare, kifi biyu kacal na kawo gida, kuma har yau Kawu bai daina yi mini tsiya a kan fentin nan ba.

Shi ya koya mini cewa matuƙi ake zaɓa, jirgi biyo baya yake yi. Ƙasan teku yawancinta yashi ne da taɓo, kifin da muke nema kuwa, wato jan kifin nan da ake soyawa a ci da dokunu da danginsa masu faɗin baki, a gindin duwatsu yake taruwa. Matuƙin da ya san aikinsa, wanda masunta a nan ke kira bosun, yana riƙe da wuraren nan a kansa ko a na'urarsa ta GPS, ya san yadda zai jefa anga a gaba da dutsen domin ruwa ya ja jirgin ya tsayar da shi daidai a kansa, ya kuma san lokacin da ya kamata a ɗage a koma wani wuri idan an yi rabin sa'a babu motsi. Ranar da muka je ganin wani jirgi, Kawu bai ko taɓa katakonsa ba. Ya gaida mutumin, sannan ya ce, “Malam, gaba nawa ne zurfin inda za ka kai mu, kuma idan ba su ci a can ba, ina ne na biyu?” Mutumin ya amsa ba tare da inda-inda ba, har ya faɗi nauyin darmar da za mu buƙata. A hanyar komawa Kawu ya ce mini, “Ɗana, wanda ya yi maka alkawarin cika sanho da kifi kafin ya ga ruwan ranar, ka riƙe kuɗinka.”

Masu irin wannan sani sun fi yawa a cikin masuntan ƙabilun Ga da Dangme da suka gaji fatsa kaka da kakanni, musamman waɗanda suka yi aiki a manyan kwalekwalen da ake kira lagas, masu ɗaukar ƙanƙara su kwana da kwanaki a teku. Kwalekwalensu da itacen wawa ake sassaƙa su, a maƙala musu inji mai ƙarfin doki 40, kuma ba su da daɗin zama ko kaɗan, babu rumfa, babu makewayi. Jiragen shaƙatawa na Ada sun fi su jin daɗi nesa ba kusa ba, sai dai a lura, da yawansu sun fi karkata ga jan ƙugiya a saman ruwa domin manyan kifaye masu gudu, wanda wani aiki ne daban. Don haka sai mutum ya faɗa tun farko cewa fatsar ƙasa yake so, kada ya biya kuɗi ya wuni ana yawo da shi.

Batun tsaro ba na sassauci a kansa. Ina ƙirga rigunan ceto da hannuna, in tabbata sun kai yawan mutanen da za su shiga, domin yawancinmu 'yan zango ba mu iya iyo ba, ko da yake ba kowa ke son amsa hakan a gaban abokai ba. Ina tambaya ko akwai rarar mai, da ruwan sha, da hanyar kiran gaɓa idan inji ya mutu, tun da waya takan rasa sabis idan an yi nisa. Idan jirgin haya ne na kamfani, ina neman ganin takardunsa na Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Ghana, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Sai lokaci. Masuntan Ga da Fante ba sa fita ranar Talata, al'ada ce da ake girmamawa, kuma baƙo ba shi da hurumin karya ta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku, amane, ƙaramin kifin da ake saƙala wa ƙugiya, ya yawaita ya yi araha, amma a lokacin ne teku ya fi tashi, kuma a Yuli ne gwamnati takan sanya hutun kamun kifi, wanda sharuɗɗansa kan canza daga shekara zuwa shekara, saboda haka a tambayi Hukumar Kamun Kifi kafin a ba da kafin alƙalami. Ga sabon shiga na fi son watannin rani, lokacin da ruwa ya fi kwanciya, ko da yake hazon hunturu yakan rufe gaɓa a Disamba da Janairu. Mai saurin jiri ya sha maganinsa kafin a tashi, ya kuma haƙura da waakye mai yawan mai a wannan safiya. Koko ya ishe shi.

Abin da ya fi jawo rigima shi ne wanda ake jin kunyar tattaunawa a gaɓa. Shin kuɗin ya haɗa da mai da ƙanƙara da amane da ƙugiyoyi? Sa'a nawa za a yi ana fatsa, ban da tafiya da dawowa? Kifin da aka kama na wanda ya kama ne, ko za a tara a raba, ko kuwa ma'aikatan jirgin suna da kasonsu? Idan teku ya hana fita, za a mayar da kuɗi ne ko a ɗage rana? Na taɓa ganin aminai biyu sun yi wata guda ba sa magana saboda kifi ɗaya mai kilo biyar da kowannensu ya ce ƙugiyarsa ya ci. Tun daga ranar muke rubuta yarjejeniyarmu a rukuninmu na WhatsApp, kowa ya amsa kafin a tura kuɗi, har da sharaɗin cewa matuƙi zai ba mu ɗan lokaci mu yi azahar a zaune idan jirgi na rawa.

Asabar mai zuwa za mu je Prampram mu bakwai, da matuƙin nan da Kawu ya yi wa tambaya. Kujera ɗaya ta rage, kuma na riga na gaya masa cewa ko wani ya zo da ninkin kuɗi, ba za mu wuce takwas ba.